Littafin Bashin Mai Shago da Bakin 'Yan Majalisa

A watan Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa a Kano suka fito kan titi suna kukan tsadar fulawa. A watan ne jama'a suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci. A watan ne kuma aka ji labarin afafata, ragowar shinkafar da masu casa ke warewa su sayar wa masu kiwon kifi, ta koma abincin dare a gidaje da dama. A lokacin, buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 70,000. Dala, wadda ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta wuce naira 1,500 a watan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta taɓa naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Matashin da ake aika cefane ya san duk wannan, ba sai an karanta masa ba. Abin da ba kowa ke tsayawa ya duba ba shi ne yadda gidaje suka kai labari. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuɗin buhun shinkafa guda ke nan a lokacin, kuma yawancin mutane ma ba albashi suke ɗauka ba. To, da me ake ɗora tukunya?

Wani babban ɓangare na amsar yana cikin littafin bashin mai shago na bakin layi. Kowane shafi da sunan magidanci a samansa, a ƙasa kuma gwangwanin shinkafa, ƙullin man gyaɗa, magi, sabulu, taliya. Mai shago ba ya karɓar jingina, ba ya sa kowa ya sa hannu. Shi ma sau da yawa bashin kayan ya ɗauko daga wani babban ɗan kasuwa a kasuwar Singa, da alkawarin zai sayar ya kawo kuɗi. Mai nama, mai gawayi, mai kyamis, mai makarantar Islamiyya da ke haƙuri da kuɗin wata, maigidan haya da ke ɗaga ƙafa, duk a kan abu ɗaya suke tafiya: shaidar da ake yi wa mutum cewa wane yana biya, ko da ya makara.

Wannan ba sabon abu ba ne a wajen Bahaushe. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969. Ya tarar cinikin shanun da ake kaiwa daga Arewa kusan duk a kan bashi yake gudana. Mahauci ya ɗauki sa ya yanka, sai daga baya ya biya, maigida da dillali su ne masu tsaya wa baƙon da ya kawo shanun. Babu takardar yarjejeniya, babu banki a tsakani. Aikin dillali shi ne ya san wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne kuma ƙafarsa ta fara rawa. A irin wannan kasuwa, abin da ake faɗa a kan mutum shi ne jarinsa. Haka abin yake har yau a kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau, haka yake a shagon bakin layi.

Yanzu a dubi majalisar matasa bayan sallar isha'i, ko teburin mai shayi. Wani ya ce, "Kun ji Malam wane ya karye?" Wani ya karɓe, "Ai an ga ana fitar da gadon matarsa da daddare." Na uku ya ƙara gishiri, ya ce har 'ya'yansa an koro daga makaranta. Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo. Babu wanda ya ji ya yi wani laifi. Amma ƙanin mai shago yana zaune a wurin. Washegari yaron Malam wane ya je karɓo gwangwani biyu na shinkafa kamar yadda aka saba, aka ce masa ya gaya wa babansa a fara rage na baya. Maganar ta isa kunnen maigidan haya, shi ma ya tuna yana da ɗan'uwa da ke neman ɗaki. Mutumin da ke lallaɓa rayuwarsa, yana jiran ƙarshen wata ya rufe wannan rami ya buɗe wancan, sai ya wayi gari an rufe masa ƙofofin a lokaci guda. A shekarun wadata gulma ɓacin rai kawai take jawowa. A irin waɗannan shekaru tana iya hana yara cin abincin dare, kuma wanda ya fara ta ba zai taɓa sanin hannunsa na ciki ba.

Wanda Allah ya buɗa wa ma bai tsira ba. Saurayi ya sayi sabon babur, sai a ce a bincika, wannan ba kuɗin Allah da Annabi ba ne. Ba wanda ya tambayi shekara nawa ya yi yana zubin adashi. Abin ya fi muni a kan 'yan mata. Yarinyar da ta fito da kaskon awara ko robar zoɓo don ta taimaki mahaifiyarta, ko wadda ta samu aikin tsaron shagon POS, sai a sa mata ido, a ƙirga mayafanta, a lura da wanda ya tsaya ya gaishe ta. Kalma ɗaya daga bakin wanda bai taɓa ganin komai da idonsa ba ta isa ta sa masu neman aure su janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Wannan zalunci ne, kuma zalunci ne a kan wadda ta zaɓi wahalar sana'a a kan roƙo.

Me ya sa baki ke ƙara kaifi idan aljihu ya bushe? Akwai zaman banza, domin wanda ba shi da wurin zuwa da safe yana da dogon yini na magana. Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Matashin da ya gama karatu ya rasa aiki yana cike da fushi, kuma fushinsa yana da dalili. Sai dai waɗanda suka tsara manufofin da suka jefa shi a wannan hali suna can Abuja, hannunsa ba ya kai gare su. Wanda hannunsa ke kaiwa shi ne maƙwabcin da suke shan wahala iri ɗaya. Ga kuma wani ɗan sanyi da zuciya ke ji idan ta samu labarin wanda ya fi ta shiga uku. Sanyin ba ya kai safiya. Farashin mudu bai taɓa sauka ba don an ci naman wani.

Waya ta faɗaɗa majalisar. Abin da a da yake mutuwa a bakin layi, yanzu sai a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp, ya shiga Facebook da TikTok, mutanen da ba su san mai lamarin ba su yi ta yanke masa hukunci. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Jama'a suka taru suna ɗibar man da ke malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matasa. Ana cikin haɗa gawarwaki a kabari ɗaya, wasu a kafafen sada zumunta sun riga sun gama shari'a, suna cewa kwaɗayi ne ya kashe su. Ɗibar mai daga tankar da ta faɗi ganganci ne, wajibi ne a faɗa da babbar murya, musamman da yake bayan wata uku kacal irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Amma gargaɗi daban, izgili daban. Mai gargaɗi yana so na gaba ya tsira. Mai izgili yana so a san shi ya fi mamatan wayo, kuma iyayen mamatan suna da waya, suna karantawa.

A nan wani matashi zai ce, to a yi shiru ke nan, a zuba ido ana cuta? Ko kusa. Wanda ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa ina kason wata ya tafi, ko ya nemi a bayyana yadda aka raba kayan tallafi a mazaɓarsa, ba gulma yake yi ba, haƙƙinsa yake nema. Imamu Nawawi ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa, daga cikinsu akwai kai ƙarar azzalumi wurin wanda zai iya hana shi, da faɗakar da wanda ke shirin ƙulla ciniki ko aure da macuci. Ma'aunin a fili yake: maganar za ta hana wata cuta ne, kuma an kai ta wurin wanda zai iya gyara? In kuwa daɗin hira kawai za ta ƙara, to giba ce, ko da gaskiya ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wa sahabbai cewa faɗin abin da ɗan'uwa yake ƙi a bayansa giba ne in abin yana tare da shi, in kuwa babu, ya zama ƙage. Don haka "ai gaskiya na faɗa" ba ta wanke kowa.

Akwai wani labari a tarihin Musulunci da ya haɗa gulma da talauci da alheri a wuri guda, ya kamata kowane matashi ya san shi dalla-dalla. A kan hanyar dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ, Nana A'isha ta tsaya neman sarƙarta, ayari ya tashi ba a lura cewa ba ta cikin darbuka ba. Safwan bin Mu'aɗɗal, wanda ke tafe a bayan runduna, ya tarar da ita, ya ɗora ta a kan raƙuminsa ya ja har suka cim ma jama'a. Shi ke nan abin da ya faru. Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukai, ya ƙulla ƙazafi a kai, magana ta zaga Madina kimanin wata guda. Abin tsoro a labarin shi ne ba munafukai kaɗai suka yaɗa ta ba. Mutanen kirki sun faɗa ciki, irin su Hassanu bin Sabit da Hamnatu bint Jahshi da Misɗahu bin Usasa. Ba su suka ƙirƙira ba, ji suka yi suka maimaita.

Misɗahu talaka ne, mai hijira, wanda ya halarci Badar, kuma ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne, mahaifin Nana A'isha. Abubakar ne ke ɗaukar nauyin ciyar da shi. A duba wannan da kyau: mutumin da ke cin abincin gidanka shi ne ke yawo da maganar 'yarka. Da ayoyin Suratun Nur suka sauka suka wanke Nana A'isha, Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba Misɗahu komai ba. Duk wanda ke da 'ya zai fahimce shi. Sai aya ta 22 ta surar ta sauka, tana hana masu falala da wadata rantsuwar yanke taimako ga dangi da miskinai da masu hijira, tana kira a yafe a kau da kai, tana tuna musu cewa su ma suna son gafarar Allah. Abubakar ya janye rantsuwarsa, ya mayar wa Misɗahu abin da ya saba ba shi, ya ce ba zai sake yankewa ba.

A cikin labarin akwai wata da ba a cika ambata ba, Nana Zainabu bint Jahshi. Kishiyar A'isha ce, ita ce ma ke gogayya da ita a wurin Annabi, ga kuma 'yar'uwarta Hamnatu tana cikin masu yaɗa maganar. Da aka tambaye ta abin da ta sani, dama ce ta zo mata har gida. Ta zaɓi ta kare jinta da ganinta, ta shaida cewa alheri kawai ta sani. Nana A'isha da kanta ce ta ba da wannan labari daga baya, tana yaba tsoron Allah irin na Zainabu. Ba ta kashe ko sisi ba, amma ta bayar da abin da ya fi tsada a Madina a wannan wata.

Wannan shi ne abin da matashin da ke cewa "ni da ba ni da ko kwabo, wane alheri zan yi?" ya kamata ya riƙe. Idan aka ɗauko maganar Malam wane a majalisa, mutum ɗaya ya isa ya kashe ta. Ba sai ya yi wa'azi ba, wa'azi ma yakan sa a yi masa ca. Ya isa ya ce, "Ni dai na san shi da biyan bashi, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya," ya ɗauko wata hirar. Yawancin masu gulma ba mugaye ba ne, 'yan amshi ne. Da zarar sun ga babu mai karɓa sai su saki. Haka a zauren WhatsApp: hoton da aka turo na wani a cikin halin kunya, in ya iso wayar mutum ya tsaya a nan, an rage masa tafiya.

Majalisar da ke iya kai labarin karyewar mutum lungu-lungu cikin dare ɗaya tana iya kai wani labarin. Ana neman yaron shago a wuri kaza. An buɗe shafin neman bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a Mayun 2024, ga mai waya zai taya wanda bai iya ba cikewa. Masara ta fi sauƙi a kasuwar ƙauye kaza, a haɗa kuɗi mutum biyar a sayo buhu a raba. Wannan na ƙarshe yana da asali mai daraja. Annabi ya yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, domin idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Iyayenmu ma suna da ciyayya, kwanon tuwo ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, wani ya fito daga can ya shigo nan. Hikimar ciyayya ita ce kowa na bayarwa kowa na karɓa, saboda haka ranar da wani gida bai ɗora tukunya ba, yaransa za su ci, kuma babu wanda zai gane. Da irin waɗannan dabaru kakanni suka ratsa yunwar Kakalaba ta 1914, iyaye kuma suka ratsa farin 1973 da na 1984 da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, da ya fara a 1986.

A kan wannan "babu wanda zai gane" ne zamani ke neman yin tuntuɓe. An shigo da wata al'ada ta ba tsohuwa kwanon shinkafa ana haska fuskarta da kyamara, a sa ta yi godiya, a sa ta maimaita don ba a ɗauka da kyau ba. Ta ci abinci na kwana biyu, bidiyonta kuwa ya zauna a intanet, jikokinta na gani, abokan jikokinta na gani. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma yana da wuya a ce wannan ba cutarwa ba ce. Ba wai waya ba ta da amfani a aikin alheri ba. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta shafe shekaru tana amfani da Facebook wajen tara wa marasa lafiya kuɗin magani da na tiyata. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ta waya aka riƙa sanar da inda mutane suka maƙale, ta waya aka tara gudummawa daga ko'ina a ƙasar, matasa suka dafa abinci suka kai sansanoni. Wayar ɗaya ce da ta masu izgili. Tambayar da mai ɗaukar hoto zai yi wa kansa ita ce, da mahaifiyarsa ce a gaban kyamarar, zai yarda a sa?

Akwai kuma gulmar da ba ta da mutum ɗaya a gaba, ta "ƙasar nan ta mutu, kowa ɓarawo ne, karatu ba shi da amfani." Ana faɗinta ne don a huce, amma ƙannen da ke gefe suna saurare, kuma su da gaske suke ɗauka. Yaron da ya ji yayyensa sun yi ittifaƙi cewa babu mai samu ta hanyar halal, an riga an ba shi uzurin shiga kowace hanya. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim yana aibata mai yawan shelar cewa mutane sun halaka. Faɗin cewa rayuwa ta yi tsada gaskiya ce. Faɗin cewa babu sauran na kirki ƙarya ce, littafin mai shago kaɗai ya isa ya ƙaryata ta, domin kowane shafi a cikinsa mutum ne da aka yarda da shi ba tare da jingina ba.

Saura wanda ya karanta wannan ya tuna wata magana da ta fita daga bakinsa a kan wani. Malamai da dama sun ce tuba daga giba ba ta tsaya ga istigfari a ɗaki ba. Mutum ya nema wa wanda ya ci namansa gafara, sannan ya koma wurin da ya ɓata shi ya ambace shi da alherin da ya san yana da shi. In maganar ta riga ta isa kunnensa, a je a nemi afuwarsa. In ƙarya ce aka faɗa, a fito a ce ƙarya ce, a gaban mutanen da suka ji ta. Abu ne mai nauyi ga saurayi ya zauna cikin abokansa ya ce, "Maganar da na yi a kan wane ranar nan, ban tabbatar ba, ku yafe ni, kada wanda ya ƙara kai ta gaba." Duk da nauyin, 'yan'uwa matasa, wanda ya san yana da irin wannan bashi a wuyansa ya daure ya biya shi a majalisar yau da daddare, tun maganar ba ta kai inda ba za a iya kamo ta ba.